Lamu: Tsibirin Da Ake Gini Da Abin Da Teku Ya Kawo

 Bari mu fara da tambaya. Wane ne a cikinku silifarsa ba ta taɓa tsinkewa ba? Babu. In ta tsinke sai a soka mata ƙusa ko a ɗaure da waya a ci gaba da ja, har ran da ta ƙi gyaruwa a wurga ta bola ko kwata. Daga nan ba mai sake tunawa da ita. Amma fa ba ta ɓace ba, domin roba ba ta ruɓewa kamar ɓawon rake. Ruwan damina ya kwashe ta ya kai rafi, rafi ya miƙa wa kogi, kogin kuwa in mai zuwa teku ne sai ya zube ta a teku. To, yau za mu kai ku wani tsibiri inda silifas ɗin mutanen wasu ƙasashe suke fitowa gaɓa dubbai, mu ga abin da mutanen wurin suka yi da su. Sai dai ba za ku fahimci labarin ba sai kun fara sanin yadda waɗannan mutane suke gina gidajensu da jiragensu tun kaka da kakanni, saboda haka sai ku yi haƙuri mu bi ta nan tukuna.

Sunan tsibirin Lamu. Yana gabashin Afirka, a gaɓar Tekun Indiya, cikin ƙasar Kenya ta wajen arewa, ba nisa da iyakar Somaliya. Akwai wasu tsibirai kusa da shi, irin su Manda da Pate da Kiwayu. Mutanen wurin Sawahilawa ne da Bajunawa, mafi yawansu Musulmi, harshensu kuwa Kiswahili, wanda malamansu suka daɗe suna rubuta shi da haruffan Larabci kamar dai yadda muke rubuta ajaminmu. Garin Lamu ya haura shekara 700 da mutane a cikinsa, ba a taɓa tashi an bar shi kango ba, kuma a shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya da ya wajaba a kiyaye. Lungunansa matsattsu ne ƙwarai, wani wurin da ƙyar jaki mai kaya zai wuce, don haka jaki shi ne motar garin, ko da yake babura sun shigo daga baya. Har asibitin jakuna suke da shi, wanda aka buɗe a 1987. Babbar sana'ar talakan wurin ita ce su, sai sassaƙar jirgi da saƙar tabarma da kwando.

Mutumin da ke zaune a tsibirin rairayi, ruwan gishiri ya kewaye shi ta ko'ina, da me zai yi gini? Da abin da teku ya ba shi. Abu na farko shi ne dutsen murjani. Kun san murjanin da iyayenmu mata suke sawa a wuya. To, wannan ɗan'uwansa ne, amma shi fari ne mai ƙananan ƙofofi kamar soso. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne na cikin teku suke gina shi a matsayin gidansu, kaɗan-kaɗan, wasu su mutu wasu su ɗora a kai, shekara ɗaruruwa, har ya zama fa. Magina na Lamu iri biyu suka sani. Akwai tsohon murjani wanda ya daɗe da mutuwa yana kwance ƙarƙashin ƙasa, shi ake haƙa a tsibirin Manda, a yanka shi kamar bulo, a loda a jirgi a haye da shi, jakuna su kai shi wurin gini. Akwai kuma ɗanyen murjani da mutanen da suke yankowa daga cikin ruwa. Shi wannan in yana jiƙe taushi gare shi, ana iya sassaƙa shi da wuƙa a fitar da zane, in ya sha iska ya bushe sai ya taurare. Da shi suka ƙawata mihirabin tsofaffin masallatansu da bakin ƙofofi.

Abin da ke kama ginin ma daga murjanin yake fitowa. Sai a tara gutsattsarinsa, a jera itace a ƙasa, a cinna wuta, ya ƙone har ya zama fari fat. In ya huce a zuba masa ruwa ya narke ya zama farar ƙasa mai danƙo, su suna kiranta chokaa. Wadda za a yi shafe mai kyau da ita sai a binne ta ta daɗe tana tsumuwa. In aka kwaɓa ta da yashi aka yi gini, iska ce take busar da ita sannu a hankali har ta koma dutse kamar yadda take tun farko. Amfaninta a bakin teku shi ne bangon da aka yi da ita yana numfashi, wato in ya sha laima yana sakin ta, ba ya riƙe ta a ciki.

Abu na biyu shi ne wani itace da ba mu da shi a ƙasar Hausa, suna kiransa mikoko. Abin mamaki gare shi: a cikin taɓon gishiri yake tsirowa, daidai inda ruwan teku yake cikowa ya janye sau biyu kowace rana. Wani irinsa saiwoyinsa a waje suke, sun tokare ƙasa ta kowane gefe kamar ƙafafun gizo-gizo. Itacen yana da nauyi da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, ɓawonsa kuma ana jima da shi kamar yadda majemanmu suke yi da bagaruwa. Fiye da rabin dajin mikoko na Kenya duka a yankin Lamu yake. Sandunansa, waɗanda ake kira boriti, su ne azarar rufin soro.

A nan akwai abin lura. Ku tambayi duk wani tsohon magini, zai gaya muku tsawon azara shi ke yanke faɗin ɗaki. Maginanmu da suka so ɗaki mai faɗi sai suka ɓullo da bakan gizo. Na Lamu wata hanya suka bi. Da yake sandar boriti ba ta cika ɗaukar faɗin da ya wuce mita 3 ba, sai suka bar ɗakin siriri, suka ja shi ta tsawo, suka jera irinsa uku ko huɗu, wani bayan wani, kowanne ƙofarsa a buɗe zuwa na gabansa. In ka zo gidan, da farko za ka tarar da wata 'yar rumfa a bakin ƙofa mai dakali hagu da dama, ana kiranta daka, nan maigida yake ganawa da baƙi, aikin zaure ke nan. Sai ƙofa ta katako mai sassaƙa. In ka shiga sai tsakar gida wadda ba rufi, daga ita sai ɗakunan nan a jere, na can ƙurya shi ne na uwargida, bangonsa cike da 'yan ƙananan tagogin ado da aka fitar da farar ƙasa, inda ake jera tangaran da littattafai.

Wannan tsari ba don kyau kawai aka yi shi ba. Lamu wuri ne mai zafi da gumi. Kaurin bango yakan kai rabin mita, kafin zafin rana ya ratsa shi yamma ta yi. Gidajen dogaye ne kuma a manne da juna, saboda haka lungu yana cikin inuwa kusan yini guda, iskar teku kuma tana bi ta cikinsa kamar an hura ta a bututu. Iska mai zafi ta cikin ɗakuna tana fita ta tsakar gida ta yi sama. Ba fanka ba lantarki, amma mutum ya yi barcin rana. A banɗaki kuma akwai kwarmin ajiye ruwa, birika, wanda suke saka 'yan ƙananan kifaye a ciki don su cinye 'ya'yan sauro. Wannan dabara ta birge ni ƙwarai.

Kada ku ɗauka kowa ke da irin wannan gida. Na attajirai ne da malamai. Gidan masunci a ƙauyuka irin su Matondoni da Kipungani ya fi sauƙi: a kafa sandunan mikoko, a gitta ƙanana a ɗaure da igiya, a cike tsakani da laka da tsakuwar murjani, a rufa da makuti. Makuti ganyen kwakwa ne da ake naɗewa a jikin kara a ɗinke, a jera shi wani kan wani kamar yadda ake baibaya da ciyawa. Rufin yana da tsayi da gangare, ruwa ba ya kwana a kansa, zafi kuma yana fita ta tsakanin ganyen. Bayan 'yan shekaru yakan tsufa, to amma itacen kwakwa yana bayan gida, mata sun iya ɗinkin, ba sai an ci bashi ba. Tsohon rufin kuwa a yi girki da shi ko ya ruɓe ya zama taki. Tabarmar gidan da kwando da igiya daga kaba ake saƙa su, ta wata goruba 'yar'uwar tamu. Da siminti da kwano suka zo mutane da yawa sun koma gare su, kuma ba za a zarge su ba, domin makuti yana kama wuta, kwano kuwa ba a sake shi kowane lokaci. Amma iskar teku gishiri gare ta. Tana cin kwano da tsatsa, tana shiga cikin kankare ta kama rodi, rodin ya kumbura ya tsaga ginin daga ciki. Ga zafi kamar tanda. Abin da ya yi kyau a Nairobi, can kan tudu, ba lallai ya yi ƙarko a bakin ruwa ba.

Gaskiya kuma ita ce, hanyar mutanen da ita ma tana da nata tsada. Ƙona farar ƙasa yana cin itace mai yawa. Yanko ɗanyen murjani rushe gidan kifi ne. Mikoko kuwa ba Lamu kaɗai ke amfani da shi ba. Daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da mu muke hunturu, wata iska da suke kira kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, ita ke kawo jiragen fatake daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Daga Afrilu sai ta juya ta zama kusi, ta taso daga kudu, jiragen su koma gida maƙare da boriti, domin can ƙasarsu ba itacen rufi. An yi ɗaruruwan shekaru ana haka, har daji ya fara nuna gajiya, gwamnatin Kenya ta hana fitar da shi waje a 1982. A 2018 aka hana sara gaba ɗaya a dazuzzukan ƙasar, mutanen Lamu suka koka cewa ba su da abin gini kuma ba su da abin yi, sai a 2019 aka sassauta musu. Ga inda gizo ke saƙar: a cikin saiwoyin mikoko ne 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa suke ɓuya har su girma, kuma shi ne katangar da ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta ci gaɓa. Masunci yana bukatar itacen a rufinsa, yana kuma bukatarsa a tsaye cikin ruwa. Shi ya sa yanzu ake sara da lasisi, ƙungiyoyin ƙauyuka kuma, musamman na mata, suna shiga taɓo suna dasa sabo.

Yanzu mu zo ga jirgi, domin a wurin masunci jirgi shi ne gona. Gwanin sassaƙar jirgi ana ce masa fundi. Ba ya zane a takarda. Da ido da igiyar awo da gizago yake aiki, yadda ya gani wurin ubangidansa. Zai fara shimfiɗa doguwar gungume a ƙasa, ita ce ƙashin bayan jirgi. Haƙarƙarin jirgi kuwa sai an shiga daji an nemo reshen da Allah ya halitta a lanƙwashe daidai yadda ake so, don wanda aka yanko daga miƙaƙƙen katako ba ya da ƙarfinsa. Sai a bi da alluna a buga ƙusoshi, a cusa auduga mai mai a tsakaninsu don kada ruwa ya shiga, a shafe jikin da man hantar wani babban kifi mai haƙora da suke kira papa. A kafa sanda a tsakiya a ɗaura babban ƙyalle mai kusurwa uku, iska ta tura. Babban jirgi sunansa jahazi, akwai mashua da dau masu bi masa. A da har akwai wani mai suna mtepe wanda ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗinke allunan ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, amma tun wajen shekarun 1930 aka daina yin sa. Sauran ma sana'ar tana ja da baya, saboda manyan itatuwa sun yi wuya sun yi tsada, jiragen faiba masu inji sun shigo, samari kuma ba su cika son zaman koyo na shekaru ba.

Haka teku ya yi ta ba su dutse da itace da kifi. Sai a zamaninmu ya fara kawo musu wani abu dabam. Ruwan teku ba a tsaye yake ba, yana da hanyoyi kamar koguna a cikinsa. Akwai wata babbar hanya da take ratso Tekun Indiya daga gabas, ta wajen ƙasashen Asiya, ta zo ta bugi gaɓar Afirka, wani reshenta ya yi arewa ya bi ta Tanzaniya da Kenya. Duk abin da ke yawo a kan ruwa sai ta ɗebo shi: robar ruwa, jarka, murfin kwalba, buroshin haƙori, guntun taru, da silifas ba iyaka. Wani daga nesa yake, wani kuma na garuruwan gaɓar ne da na Lamu kanta, domin kwandon kaba da ake zuwa kasuwa da shi leda ta kore shi. A 2021 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda hedkwatarta ke Nairobi, ta ƙiyasta cewa tan miliyan 11 na roba ke shiga teku kowace shekara. 'Yan aji shida ku raba mu gani, za ku samu kusan tan 21 a kowane minti ɗaya.

Ɓarnar a fili take. Kunkurun teku yana fitowa kan rairayi da dare ya haƙa rami ya yi ƙwai, in tarkace ya rufe wurin uwar ba ta samun inda za ta haƙa, 'ya'yan kuma in sun ƙyanƙyashe sai su maƙale kafin su kai ruwa. Jakuna suna cin leda a bola ta toshe musu hanji, kamar dai yadda mahautanmu suke tarar da ita a tumbin shanu da awaki. Leda tana naɗe ƙananan mikoko ta shaƙe su. Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na taru. Masuncin da, in gurarsa ta saƙa ta ɓace a ruwa, ba da daɗewa ba za ta ruɓe. Tarun roba kuwa in ya tsinke ya nutse, ci gaba yake da kama kifi shekara da shekaru, kifin ya mutu a ciki ba wanda ya ci.

Waɗanda suka fara ganin amfani a cikin wannan shara yara ne irinku. A tsibirin Kiwayu, wajen ƙarshen shekarun 1990, wata ma'aikaciyar kare halittun teku mai suna Julie Church ta ga yara suna tsintar silifas a gaɓa suna yanka su suna yin motoci da jiragen wasa, kamar yadda kuke yin motar kara ko ta langalanga. Sai ta ba iyayensu mata shawara su riƙa tarawa suna wankewa suna yin abin sayarwa. Daga nan sana'a ta tashi, har ta zama kamfanin da ake kira Ocean Sole a Nairobi. Yadda ake yi shi ne a wanke silifas, a manna su da gam wata kan wata har su zama dunƙule mai launi-launi, sa'an nan a sassaƙa da wuƙa a goge, a fitar da kayan wasa da na ado. Da yawa daga masu sassaƙar a da itace suke sassaƙawa.

Babban aikin kuwa a Lamu aka yi shi. Wajen 2016 wani mai harkar kai baƙi yawon buɗe ido, Ben Morison, ya je wurin wani fundi ɗan gidan masassaƙa, Ali Skanda, da wata magana mai kama da wasa: a gina jirgin gargajiya, amma da sharar roba maimakon itace. Aka tara roba kimanin tan 10 daga gaɓa da titunan garuruwa. Aka ware ta iri-iri, aka wanke, injin ya daddatsa ta ƙanana kamar tsaki, aka narka aka zuba a ma'auni, kamar yadda maƙeranmu suke narka gwangwani su zuba tukunya. Da haka aka fitar da ƙashin baya da haƙarƙari da alluna, duk a masana'antun cikin Kenya. Sa'an nan Ali Skanda da yaransa suka sa gizago da zarto suka haɗa jirgi yadda suka gada. Ba a sha da sauƙi ba. Roba ba ta da tsaurin katako, tana lanƙwasa, don haka sai an ƙara mata kauri, kauri kuma nauyi ne. In yashi ko iska suka shiga cikin zubin sai a sami rami a ciki, wurin ya yi rauni. Irin wannan sai mai ido, wanda ya san inda jirgi ke ɗaukar wahala in igiyar ruwa ta buge shi. A ƙarshe aka lulluɓe jikinsa da silifas kimanin 30,000 da aka yanka aka jera, ja da shuɗi da rawaya da kore.

A watan Satumba na 2018 aka tura shi ruwa. Tsawonsa kimanin mita 9, wato ƙafa 30, nauyinsa wajen tan 7. Aka sa masa suna Flipflopi, daga sunan silifa a Turanci. A ƙarshen Janairu na 2019 ya tashi daga Lamu da iskar kaskazi, ya bi ta Watamu da Kilifi da Mombasa da tsibirin Pemba, ya isa Zanzibar bayan mako biyu, tafiyar kilomita 500. Duk inda ya tsaya 'yan makaranta da masunta da hukumomi sukan taru su taɓa shi da hannunsu, a yi musu bayani. A 2021 kuma aka ɗauke shi a mota aka kai shi Tafkin Biktoriya, ya zaga Kenya da Uganda da Tanzaniya.

To, shi ke nan an gama da shara? Ina! Ku koma kan lissafinmu na ɗazu. Tan 10 da aka sha wahalar tarawa bai kai abin da ke shiga teku cikin minti ɗaya ba. Su kansu masu jirgin ba su ce ya share teku ba, sun yi shi ne don a gani a yi magana, a rage robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. A duniya duka, cikin kashi 100 na sharar roba kimanin kashi 9 kacal ake sake sarrafawa. Dalili kuwa roba ba iri ɗaya ba ce. In kun koma gida ku kifa jarka ko bokiti ku duba gindinsa, sau da yawa za ku ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce ta robar ruwa da lemo. Lamba 2 ita ce ta jarka, ita ce ta fi kyau wajen zuba katako. Lamba 5 ta bokiti da wasu murafe. In aka gauraya su aka narka ba sa kama juna da kyau, abin da aka zuba sai ya tsage. Silifa kuwa ba ta narkewa a sake zuba ta, shi ya sa ita sai dai yanka da mannawa. Wadda rana da gishiri suka daɗe suna ci kuma ta riga ta mutu, marmashewa take yi. A nan zan ja kunnenku: kada wani ya ce zai gwada narka roba a murhu. Hayaƙinta guba ne, masu wannan aiki da inji suke yi mai auna zafi. Saboda wahalar nan ne Kenya ta bi ta tushe, a watan Agusta na 2017 ta haramta ledar zuba kaya, da tara mai tsanani ko ɗauri ga wanda ya saɓa, a 2020 kuma ta hana shiga gaɓar teku da gandun daji da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya.

A nawa ganin, abin da ya fi jirgin amfani shi ne abin da ya biyo bayansa. Masu aikin sun kafa wurin tara roba da sarrafa ta a Lamu kanta, ba sai an kai ta nesa ba. Mata da samari suna tarowa daga ƙauyuka a auna a biya su, abin da a da ake tsallakewa ya zama abin sayen gari da sabulu. Ana zuba katakon roba ana yin kujeru da ƙofofi masu irin sassaƙar Lamu ta gargajiya, da ƙananan jiragen su. Katakon nan gara ba ta cinsa, gishiri ba ya sa shi tsatsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, wato halin nan nasa da ya sa ya zama annoba a teku shi ne ya sa ya yi kyau a ƙofa. Duk ƙofar da aka yi da shi kuma an bar wani itace a tsaye. Ba zai maye gurbin murjani a bango ba, ba zai yi sanyin makuti a rufi ba, kuma in gobara ta kama shi ya fi itace muni, don haka sai an san inda za a sa shi.

An kuma buɗe wurin koyar da samari da 'yan mata sassaƙar jirgi da ta ƙofa, ga gizagon kakanninsu a hannu, ga katakon jarka a gabansu. Awon bai canja ba, zanen furannin ƙofa ma bai canja ba. Bambanci ɗaya da ɗan koyo zai kiyaye shi ne na shara in an tashi aiki. Sassaƙen itace ana barinsa a ƙasa, ko wata tsohuwa ta kwashe ta hura wuta. Na roba kuwa dole a share shi tsaf a zuba a buhu a mayar da shi inji, in ba haka ba iskar yamma ta kwashe shi ta mayar cikin ruwa.